Ƙaramin Helikwafta Mai Injin Fistin: Tambayoyi da Amsoshi kan Tuƙi, Koyo da Kuɗi

Kusan duk matuƙin jirgi mai saukar ungulu da bai bi ta gidan soja ba, a kan ƙaramin jirgi mai kujera biyu ko huɗu ya koyi aikin. Jiragen nan su ne mafi araha a cikin dangin helikwafta, amma araharsu tana tafe da sharaɗi: rarar da suke bar wa mutum kaɗan ce. Ƙarfin inji a ƙididdige yake, nauyin da za a ɗora a ƙididdige yake, haka ma lokacin da matuƙi ke da shi na gyara kuskure. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu niyyar koyo da masu niyyar saye suka fi yi.

Wane irin jirgi ake nufi, kuma waɗanne aka fi koyo da su?

Injin fistin ɗan'uwan injin mota ne: silinda, fistin, fulogi, bawul, yana shan fetur. Manyan helikwafta kuwa da injin tabain suke aiki, mai shan kananzir na jirgi. Kusan duk ƙananan nan injin kamfanin Lycoming na Amurka ke cikinsu, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba lagireto.

Robinson R22 shi ne ya fi yawa a makarantu. Frank Robinson ne ya tsara shi, aka ba shi takardar amincewa a Amurka a 1979, ana kuma ƙera shi a garin Torrance na jihar Kaliforniya. Kujera biyu, fiffiken farfela biyu, silinda huɗu. A samfurin Beta II an ƙayyade ƙarfin injin a doki 131 na minti biyar yayin tashi, sannan doki 124 a sauran tafiya. Ƙanensa R44, wanda ya fi shi girma, ya samu amincewa a 1992: kujera huɗu, silinda shida. Raven I da kafireto yake aiki, Raven II kuma fesa mai yake yi ta injekta, yana ba da doki 245 wajen tashi. Akwai Schweizer 300, wanda asalinsa Hughes 269 ne, jirgin da sojan ƙasa na Amurka suka daɗe suna horar da matuƙa a kai da sunan TH-55. Sai Cabri G2 na kamfanin Guimbal da ke kudancin Faransa, wanda hukumar Turai ta amince da shi a 2007. Su biyun nan fiffike uku gare su.

Yaya ƙarfin inji ke isa ga farfela?

A Robinson ta bel yake bi. Injin yana juya fuli na ƙasa, bel-bel masu siffar V suna ɗaukar ƙarfin zuwa fuli na sama, daga nan sanda ɗaya ta nufi giyar babbar farfela, wata doguwa ta bi cikin wutsiya zuwa ƙaramar farfela ta baya. Injin R22 yana juyi wajen 2,650 a minti, giya ta rage shi zuwa 530 a babbar farfela.

Ana tayar da injin ne bel a sake, don kada nauyin farfela ya danne sitata. Da ya kama sai a kunna makunnin kuloci, wata 'yar mota ta lantarki ta riƙa ɗame bel a hankali, kuma littafin jirgin ya ce fiffike su fara motsi cikin sakan biyar. Nan ne sabon ɗalibi ke yin ɓarna mai tsada. In ya murza mukulli alhali totur a buɗe yake, injin da ba kaya a kansa zai yi tsalle ya wuce iyakar juyinsa cikin ƙiftawar ido. Abin da ke biyo baya shi ne binciken injiniya, wani lokaci har sai an sauke injin an kwance. Shi ya sa malami ke sa hannu ya tabbatar totur a rufe yake ruf kafin kowa ya taɓa mukulli.

A cikin fuli na sama akwai wani ƙarfe mai kama da firiwil ɗin keke. Inji na iya juya farfela, amma farfela ba ta iya jan inji. Idan injin ya tsaya, farfela ta ci gaba da juyinta ita kaɗai. Rayuwar mutanen da ke ciki a kan wannan ƙarfen take, kuma ana gwada shi kafin kowane tashi: a rufe totur farat ɗaya, a ga allurar da ke nuna juyin inji ta faɗi ta rabu da ta juyin farfela.

Me ya sa tsayuwa cak a iska ke ba sabon ɗalibi wuya haka?

Domin gaɓoɓi huɗu ne ke aiki tare, kuma duk wanda ya motsa sai ya ɓata wa sauran. A Robinson matuƙi a kujerar dama yake zama. Hannun dama na kan saikilik, sandar da ke karkata faifan farfela gaba, baya ko gefe. Hannun hagu na kan kolektif, liba mai kama da birkin hannu, wadda ke ƙara kwanar duka fiffike lokaci guda don jirgi ya hau, a bakinta kuma akwai totur da ake murzawa kamar na babur. Ƙafafu na kan feda biyu masu sarrafa farfelar wutsiya.

Ka ɗaga kolektif kaɗan. Injin ya ƙara ƙarfi, sai gangar jikin jirgin ta nemi juyawa kishiyar farfela, hancin Robinson ya karkata dama. Ka taka fedar hagu ka tare shi. Farfelar wutsiya da ta ƙara turi sai ta fara tura jirgin gaba ɗaya zuwa dama, dole ka kwantar da saikilik hagu. Kafin ka gama wannan, iska ta canza. Ga shi kuma jirgin ba ya amsawa nan take, akwai ɗan jinkiri, don haka ɗalibi yakan ƙara turi yana tsammanin bai yi ba, sai jirgin ya fara lilo kamar guga a bakin rijiya.

Maganin a jiki yake. A ɗora damtsen dama a kan cinya, a riƙe sandar da yatsu, a daina kallon ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafa, a kai ido nesa, mita 20 ko 30 a gaba. Malami yakan ba da abu ɗaya-ɗaya: feda tukuna, sai kolektif, sai saikilik. Yawancin mutane cikin awa biyar zuwa goma abin yake zauna musu. Wanda ya koya a Robinson ya koma Cabri sai ya yi hattara, domin farfelarsa ta ɗaya hannun take juyawa, ƙafar dama ake takawa idan an ƙara ƙarfi.

Awa nawa ake buƙata kafin a samu lasisi?

A Amurka doka ta ce awa 40 don lasisin tuƙin kai, daga ciki aƙalla 20 tare da malami, 10 kai kaɗai. A tsarin Turai awa 45 ne: 25 da malami, 10 kai kaɗai, har da tafiya guda ta kilomita 185 da sauka a filaye biyu daban da wanda aka taso. Shekara 17 ce mafi ƙaranci. Lasisin kasuwanci, wanda ke ba ka damar karɓar kuɗi a kan tuƙi, awa 150 ne a Amurka, a Turai 185 ga wanda ya bi mataki-mataki, 135 ga wanda ya shiga kwas guda tun daga farko. Shekara 18.

Waɗannan lambobin ƙasan ma'auni ne na doka. Kada ka gina lissafinka a kansu. Ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari yakan kai awa 55 zuwa 70 kafin ya shirya wa jarrabawar lasisin farko, kuma abin da ya fi jan awoyin nan shi ne tazara tsakanin darussa. Mai tashi sau uku ko huɗu a mako yana ɗora sabon darasi a kan na jiya. Mai zuwa sau biyu a wata kuwa, rabin kowace awa wajen tuno abin da hannu ya manta take tafiya, kuma kuɗin wannan rabin awar daidai yake da na sauran.

To, nawa ne kuɗin?

Da awa ake biya, kuma a mafi yawan makarantu agogon yana fara ƙirga ne tun daga tayar da inji, har da ɗumama shi da huce shi. A Amurka awar R22 tare da malami ɗaruruwan daloli ce, R44 kuma yakan fi shi da rabi ko sama da haka. Farashi na motsi, don haka ga yadda za ka yi lissafin da lambar da makaranta ta ba ka.

Mu ƙaddara an ce maka dala 400 awa. Takardar tallan makarantar za ta ninka da 40 ta rubuta 16,000. Kai ka ninka da 65, ka samu 26,000. Ɗora karatun aji, littattafai, abin jin rediyo na kunne, gwajin likita, kuɗin jarrabawar rubutu, kuɗin mai jarrabawar tuƙi da hayar jirgin ranar. Ga wanda ya fito daga Kano ko Maraɗi, akwai tikiti, biza, haya da abinci na watanni. Lasisin kasuwanci a wannan farashin, awa 150 kaɗai dala 60,000 ne, ba a sa horon tuƙi da na'ura a cikin gajimare ba, ba a sa na malanta ba. Kuma tunda da dala ko yuro ake biya, faɗuwar naira tsakanin zangon farko da na biyu na iya cinye kuɗin awa goma.

Shawarar da muke tsayawa a kai ita ce: ka tara kuɗin mataki guda cikakke kafin ka fara shi, amma kada ka damƙa wa makaranta duka a dunƙule. Makarantun tuƙi suna rufewa da kuɗin ɗalibai a hannunsu, an sha gani a ƙasashe da yawa. Ka riƙa biyan awa goma-goma, ko da za ka rasa rangwamen da ake yi wa mai biya gaba ɗaya. Tambayi kuma ko farashin ya haɗa da mai da inshora, da kuma nawa ne naka idan aka samu ɓarna a hannunka.

Me ya kamata in fara yi kafin in biya ko sisi?

Gwajin lafiya aji na ɗaya a wurin likitan da hukumar sufurin sama ta amince da shi, in dai aiki kake nufi. Ana duba ido, bambance launi, ji, zuciya, hawan jini da suga. Tabarau ba ya hana tuƙi, amma rashin bambance ja da kore na iya tauye lasisi, kuma gara a sani yau da bayan an kashe dala 30,000. Sai Turanci: da shi ake magana da hasumiya, kuma ana buƙatar mataki na 4 a ma'aunin ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya. Bayan haka ka biya darasin gwaji na rabin awa ko awa guda ka ji yadda cikinka zai ɗauka. In za ka dawo gida da lasisin waje, ka nemi sharuɗɗan mayar da shi daga hukumar sufurin sama ta ƙasarka, NCAA a Najeriya ko ANAC a Nijar, tun kafin ka zaɓi ƙasar.

Idan inji ya mutu a sama, faɗowa ake yi kamar dutse?

A'a. Ana sauka ne da abin da matuƙa ke kira otorotashan. Jirgin yana gangarowa, iskar da ke tasowa daga ƙasa tana ratsa farfela tana juya ta, kamar yadda iska ke juya farfelar famfon rijiya. Amma akwai sharaɗi guda mai tsanani: dole a sauke kolektif ƙasa nan da nan. Fiffiken R22 ba su da nauyi, ba sa riƙe juyi. In aka bar su da kwana alhali ba inji, cikin sakan ɗaya ko biyu saurinsu zai faɗi ƙasa da inda za a iya farfaɗo da shi, kuma daga nan ba dabara.

Ga tsarin a R22. Kolektif ƙasa gaba ɗaya, fedar dama don hanci ya miƙe, a ja saikilik baya kaɗan don hanci kada ya nutse. A daidaita gudu wajen not 65 (not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa), a lura da allurar farfela, in ta nemi wuce iyaka a ɗan ɗaga kolektif. A zaɓi fili, a fuskanci iska in da hali. Kimanin ƙafa 40 daga ƙasa a ja saikilik baya, hanci ya ɗaga, gudu da gangarowa su ragu. Kimanin ƙafa 8 a miƙe jirgin don wutsiya kada ta daki ƙasa, sannan a ja kolektif a kashe ragowar juyin wajen tausasa saukar.

Ba nisa ake yi ba. R22 yana cin kusan ƙafa huɗu a gaba a kan kowace ƙafa ɗaya da ya sauka, wato daga ƙafa 1,500 mil ɗaya na ruwa kacal (kilomita 1.85). Filin da za ka sauka yana nan kusa da ƙafarka, ba can bakin gari ba. Littafin jirgi kuma yana da wani zane na tsayi da gudu da ke nuna inda saukar ba za ta yi kyau ba ko da gwani ne a kai, misali tsayuwa cak a ƙafa 150. Dalilin ke nan da helikwafta mai inji ɗaya ba ya tashi tsaye sama kamar a fim. Yana bin ƙasa-ƙasa ya tara gudu tukuna.

Na ji ana cewa Robinson na da haɗari. Gaskiya ne?

Akwai tushe a maganar, kuma ya kamata a fahimce shi. Farfela mai fiffike biyu a kan ƙusa guda take rataye a saman turkenta, tana lilo kamar ma'aunin sikeli. Muddin nauyin jirgin na rataye a ƙarƙashinta, duk inda ta karkata jirgin zai bi. Amma in matuƙi ya tura saikilik gaba da ƙarfi bayan hawa, ko guguwa ta ɗaga jirgin ta sake, sai a ji jiki ya yi sakayau a kujera kamar mota ta haura tudu da gudu. A wannan lokacin farfela ba ta ɗauke da komai, ba ta da iko da gangar jirgin. Farfelar wutsiya kuwa tana nan tana turi, sai ta mirgina jirgin dama da sauri. Hannu da kansa zai kai saikilik hagu, kuma wannan shi ne kuskuren da ke kisa: faifan ya karkata, jirgin bai bi ba, gindin farfela ya daki turke, turken ya karye ko fiffike ya sare wutsiya.

Gyaran shi ne a ja saikilik baya a hankali har nauyi ya dawo kujera, sannan a gyara mirginar. Abin da ya fi shi ne kada a shiga: littafin Robinson ya haramta irin wannan turi gaba, kuma a iska mai girgiza ana rage gudu zuwa not 60 ko 70, hannu a kan cinya. Bayan jerin haɗurra, hukumar FAA ta Amurka ta fitar da doka ta musamman a 1995 mai suna SFAR 73, a kan R22 da R44 kaɗai. Ta wajabta darasin faɗakarwa kafin mutum ya taɓa sanda, awa 20 da malami kafin ɗalibi ya tashi shi kaɗai, shi malamin kuma sai yana da awa 200 a helikwafta, 50 daga ciki a Robinson. Schweizer da Cabri, da yake ginin kan farfelarsu daban ne, ba su da wannan matsalar ta bugun turke.

Mene ne ƙahon nan da ke kuka a cikin jirgi?

Gargaɗin faɗuwar juyin farfela ne. A Robinson yana kuka, fitila ta kama, idan juyi ya sauka ƙasa da kashi 97 cikin 100. Akwai na'urar gwamna da ke murza totur da kanta don riƙe juyin, amma ba ta iya ƙirƙiro ƙarfin da inji ba shi da shi. Jirgi ya yi nauyi, rana ta take, matuƙi ya ga yana nutsewa ya ƙara jan kolektif, totur ya riga ya ƙure: fiffike su ƙara cizon iska, juyi ya ragu, ƙarfin injin ma ya ragu tare da shi, jirgin ya ƙara nutsewa. Amsar dole ta zama a jinin hannu: a murza totur, a sauke kolektif lokaci guda, in ana tafiya gaba a ɗan ja saikilik baya. Sauke kolektif alhali ƙasa na tahowa abu ne da zuciya ba ta so, shi ya sa ake maimaita shi har ya daina buƙatar tunani. Ɗalibi mai tsoro kuma yakan matse totur da ƙarfi har ya hana gwamna aikinta bai sani ba.

Ina da jiki. R22 zai ɗauke ni?

Kujerar R22 iyakarta kilo 109, har da kayan da ke ƙarƙashinta. Jirgin duka ba ya wuce kilo 622, shi kansa kuma wajen 400 ne. Saura 222. Kai kilo 85, malami 80, ya rage 57 na mai. Litar man jirgi kilo 0.72 ce, wato lita 79, injin kuma yana shan lita 30 zuwa 38 a awa. Awa biyu zuwa biyu da rabi ke nan, a cire minti 20 na ajiya. In kun kai kilo 95 kowanne, man da ya rage bai fi na darasi ɗaya ba. Kujerar R44 tana ɗaukar kilo 136.

Yaya zafi da hazo irin namu ke shafar su?

Sosai, kuma wanda ya koyo a ƙasar sanyi ya dawo gida ya kamata ya sake zama da littafin jirgin. Iska mai zafi sakayau ce: injin ba ya samun isasshen abin shaƙa, fiffike ba sa samun abin kamawa. Lissafin matuƙa mai sauƙi ne. A bakin teku ana ɗaukar digiri 15 a matsayin daidai, ana rage digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, sannan kowane digiri da ya haura haka ana ƙirga shi ƙafa 120. Filin jirgin Kano yana kan ƙafa 1,560 ko kusa da haka, daidansa digiri 12. Ranar bazara mai digiri 40, rarar 28 ce, sau 120 ya ba da 3,360. Jirgin yana zaune a Kano amma ji yake kamar yana kan dutse mai ƙafa 4,900. A Jos, inda filin ya haura ƙafa 4,000, digiri 30 kawai ya isa ya kai lissafin 7,000.

Ma'anarsa R44 da ya ɗauki mutum huɗu da hantsi ba lallai ya iya fita da su daga wani tsukakken fili da azahar ba. Akwai zane biyu a littafin: na tsayuwa kusa da ƙasa, inda iskar da ke dawowa daga ƙasa ke tallafawa, da na tsayuwa can sama inda ba tallafi. Na biyun ake dubawa in akwai bishiyoyi ko katanga a kewaye. In lissafi bai fita ba, a rage mai, a rage mutum, ko a jira la'asar sakaliya.

Hazon hunturu kuma ta fuska uku yake cuta. Yana toshe matatar iska, yana cin bakin fiffike kamar sanfefa, musamman na wutsiya, kuma yana shafe layin da ke raba sama da ƙasa. R22 da R44 da ido ake tuƙa su, ba a amince su shiga inda ba a gani ba. Matuƙin da ya rasa wannan layin yakan rasa sanin ina ne sama cikin ƙasa da minti guda. Sauka a busasshen fili ma haka: farfela ta tayar da ƙura ta lulluɓe gilashi a ƙafa goma na ƙarshe. A yayyafa ruwa tun kafin jirgi ya iso, ko a sauka kai tsaye ba tare da tsayuwa a iska ba.

Ƙanƙara a kafireto a ƙasar zafi? Ba wasa ba ne?

Ba wasa ba ne. Fetur da ke zama tururi a maƙogwaron kafireto yana sauke zafin iska da digiri 20 ko fiye, don haka da damina, ranar laima mai digiri 25, ƙanƙara na iya taruwa a ciki. Gwamna tana ɓoye alamar, tana ta ƙara totur shiru har injin ya shaƙe, kuma ba farfelar gaba irin ta jirgi mai fiffike da za ta ci gaba da juya shi. Ana jan maɓallin iska mai ɗumi don allurar zafin kafireto ta fita daga yankin rawaya, in kuma matsin iskar inji ya sauka ƙasa da inci 18, kamar wajen gangarowa, a ja shi gaba ɗaya ba tare da duba allurar ba. Raven II ba shi da wannan damuwar.

Wane mai suke sha? Ana samunsa a nan?

Afgas 100LL, fetur na jirgi mai launin shuɗi. Nan ne babban cikas a yankinmu: filayen jiragen Afirka ta Yamma kananzir Jet A-1 suke ajiyewa, afgas kuwa da wuya, sau da yawa a durom ake shigo da shi da tsada. Shi ne babban dalilin da ƙananan Robinson ba su yaɗu a nan ba yadda suka yaɗu a Afirka ta Kudu ko Ostareliya, inda makiyaya ke kora shanu da R22. Fetur ɗin gidan mai ba madadinsa ba ne, kananzir kuma in ya shiga tankin injin fistin yakan farfasa fistin jim kaɗan bayan tashi. Kafin tashin farko na kowace rana da bayan kowane shan mai, a tsiyayi kaɗan daga ƙasan kowane tanki a kwalba mai haske, a ɗaga ta sama a duba: shuɗi ne, ba ɗigon ruwa kwance a gindi, ba tsaki.

Da wanne ya fi kyau in koya?

In jikinka da aljihunka sun yarda, R22 ya fi araha, kuma wanda ya iya riƙe juyin farfelarsa sauran jirage za su zo masa da sauƙi. Amma ba a ƙera shi don koyarwa ba, kuma ba ya yafiya. Cabri G2 ya fi shi tsada kaɗan, ya fi shi yafiya, kujerunsa da tankinsa an gina su don jure faɗuwa. R44 ya fi natsuwa, fiffikensa masu nauyi suna ba da lokaci a otorotashan. A ganinmu malami ya fi samfurin jirgi muhimmanci. Makarantu da yawa waɗanda suka gama bara ne ke koyarwa bana, don haka tambayi awoyin malaminka, ka kuma tambaya ko jirgi nawa ke tashi a zahiri, ba nawa ke cikin rumfa ba.

Bayan lasisin kasuwanci, aiki na jira?

Ba kai tsaye ba. Aikin helikwafta mafi girma a Najeriya shi ne jigilar ma'aikatan mai daga Fatakwal, Warri da Legas zuwa rijiyoyin teku, kuma da manyan jirage masu injin tabain biyu da matuƙa biyu ake yinsa. Suna neman shaidar tuƙi da na'ura da horo a kan samfurin jirgin, kuma awoyin fistin tsani ne kawai zuwa can. A Amurka sabbin matuƙa da koyarwa suke tara awa har wajen 1,000, amma bizar M-1 da ake ba yawancin ɗaliban tuƙi ba ta buɗe wannan ƙofar. Ka san irin bizar da makaranta ke bayarwa kafin ka sa hannu.

In na sayi nawa fa? Na ga tsohon R44 da araha.

Sabon R44 Raven II ya haura dala rabin miliyan. In ka ga tsoho a kashi ɗaya cikin uku na haka, tambayar farko ita ce: saura awa nawa, saura shekara nawa? Robinson ya tsara a yi wa jirgin garambawul gaba ɗaya bayan awa 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Ana kwance shi har ƙashi, a sake injin, a canza fiffike da duk sassan da wa'adinsu ya cika. Kuɗin wannan aikin babban kaso ne na farashin sabo, kuma jirgin da ya kusa wa'adi bashi ne ake sayar maka.

Agogon shekaru shi ke cin mai jirgin kansa. Mu ce garambawul zai ci dala 220,000. Makarantar da ke ƙone awa 2,200 cikin shekara huɗu, dala 100 take ajiyewa a kowace awa. Kai da ke tashi awa 100 a shekara, a awa 1,200 shekara 12 za ta same ka, wato dala 183 a awa, kafin a zuba mai lita 55 zuwa 60 da yake sha. Sannan inshora, wadda ke tsada ga mai ƙarancin awa, da rumfa, da canjin baƙin mai duk awa 50, da bincike duk awa 100 da na shekara, da duba maganeto (na'urar da ke ba fulogi wuta) a awa 500, da injiniya mai lasisin wannan samfurin, wanda wataƙila sai an ɗauko shi daga wani gari.

Kafin ka biya, ka kawo injiniyanka, ba na mai sayarwa ba. Ya karanta littattafan tarihin jirgi da na inji shafi-shafi, ya gwada lambar kowane sashe mai wa'adi da abin da ke rubuce, ya nemi tarihin wuce iyakar juyi ko sauka mai ƙarfi. Ya ƙwanƙwasa fatar fiffike kusa da baki ya saurari inda gam ya saki, ya duba tsatsa in jirgin ya zauna bakin teku, ya auna matsin kowace silinda. A tsohon R44 ya tabbatar an sa tankin roba a cikin na alminiyam, gyaran da kamfanin ya umarta bayan gobarar da ta riƙa tashi a haɗurran da da an tsira. In shafi ɗaya ya ɓace a littafin tarihi, duk sashen da ba a iya tabbatar da awoyinsa ba ana ɗaukarsa wa'adinsa ya ƙare, kuma kai za ka sayi sabo.